Baƙin Zoben Yaya Surayya

Sterling, Virginia
14 ga Disamba, 2013

Zuwa ga Gwaggona Atine,

Assalamu alaikum. Gwaggo, akwai abin da na yi wata uku ina ɓoyewa. Ban gaya wa Umma ba, ban gaya wa Abba ba, ke kaɗai zan iya gaya wa. Amma bari in fara gaishe ki, kada ki ce Amurka ta cinye mini tarbiyya.

Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka, da Baffa Abdulmumin da Inna Ɗija. Yaya ƙafarki? Yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau. Abba yana nan yana aikinsa na gidan rediyo, Umma kuma ta samu aiki a gidan rainon yara. Ni ina aji bakwai. Har yanzu ba na ɗaga hannu a aji ko da na san amsa. Anti Kaneng, ƙawar Umma da ke aikin nas a Bowie, ita za ta kawo miki wannan takarda, za ta zo gida Kirsimeti. Ban iya faɗa miki a waya ba, don idan aka kira ki, a tsakiyar falo ake ajiye wayar kowa yana ji.

Magana ce a kan Yaya Surayya ta Baffa Abdulmumin. Kin san tun da Baffa ya turo ta jami'a ɗaki ɗaya muke, gadonta jikin taga, nawa jikin ƙofa. Wata rana a watan Satumba na dawo daga makaranta, ita kuma ta fita da gaggawa ta bar kwamfutarta a buɗe. Aikin gida na je dubawa, wallahi. Sai na ga wani shafi na intanet da hoton bishiyar gwaba, da shuɗin bokiti a gindinta. Gwabarki ce, Gwaggo, bokitinki ne. Sunan da ke kan shafin ba nata ba ne, amma na san ita ce.

Na karanta. Na san bai kamata ba, amma na karanta duka.

Ina jin nauyin rubuta wannan. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin abin da ƙawayenta ke cewa suna ji game da samari ba. Ba ta jin sa game da maza, ba ta jin sa game da mata, ba ta jin sa game da kowa. Ta ce shekaru tana zaton ciwo gare ta, har ta taɓa shan rubutu a ɓoye. Sai a nan ta gano akwai mutane irinta da yawa, kuma suna da sunan da suke kiran kansu da shi, a taƙaice suna cewa "es". Ta ce ranar da ta ga sunan ta yi kuka a laburare. Akwai baƙin zobe da take sawa a ɗan yatsan tsakiya na hannun dama. Umma ta ɗauka na maganin sanyin ƙashi ne. Ashe alamarsu ce.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗan da ake yi a ƙarƙashin rubutunta. Akwai wasu masu nasu sunaye daban, maza masu son maza, mata masu son mata, da wasu da ban gane ba. Wasunsu sun ce mata barka da zuwa. Wasu kuwa sun ce irinta ba sa cikinsu, wai su ba a dukansu a titi, ba a korarsu daga gida, suna iya ɓoyewa cikin mutane ba wanda ya sani. Akwai wata kalma da suke ta jifan juna da ita. Na tambayi Abba fassararta, na ce ta makaranta ce. Ya ɗan yi tunani kamar yadda yake yi in yana fassara labarai, ya ce: gata. To shi ne faɗan. Waɗannan su ce ku ne 'yan gata, waɗancan su ce a'a, ku ne. Har wani ya jera mutane daga sama zuwa ƙasa kamar sakamakon jarabawa, ya sa irin su Yaya kusa da sama.

Na ga tana amsa musu da ladabi, su kuma suna yi mata dariya. Ranar da suka yi mata yawa ba ta cin abinci, sai ta ce kanta ke ciwo.

Sai na buɗe nawa shafin a kwamfutar laburaren unguwa, da sunan ƙarya. Bayan makaranta ina zuwa in rubuta musu su ƙyale ta. Ni da ba na iya cewa malama ina son fita fitsari, ga ni ina faɗa da manya da Turancina mai ɗingishi. Wata ta ce in fara koyon rubutu tukuna. Wani ya ce in je in ƙirga gatana. Na ƙirga a cikin bas: ina da uwa da uba, ina da rigar sanyi, ina da ke. Ban san ko abin da yake nufi ke nan ba.

Akwai ɗaya da na kasa amsa masa. Ya ce shi ubansa ya kore shi yana ɗan shekara sha bakwai, ya yi wata biyu yana kwana a mota, don haka kada wanda ke da gado ya zo ya ce wahalarsu ɗaya. Na daɗe ina kallon rubutun. Na ji tausayinsa, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci ɗaya.

Gwaggo, abin da Yaya take ji laifi ne? Kuma in gaya mata na sani? Kullum Inna Ɗija tana turo lambobin wayar 'ya'yan ƙawayenta, Yaya ta yi murmushi ta rubuta a takarda, in an kashe waya ta shige ɗaki har yamma.

Don Allah ke kaɗai. Ki karanta ki ƙona.

Ni ce 'yarki,
Haula

*

Jos
5 ga Janairu, 2014

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Saƙo ya iso, man zafin ƙafa da safa, Allah ya yi albarka.

Idona ya yi yana, ba na ganin rubutu yanzu, ban bari an gaya muku ba don kada hankalinku ya tashi. An karanta mini wasiƙarki a tsakar gida. Ɗija tana nan, matan gida suna nan, kowa ya ji, kowa ya yi salati. Za a yi mini aiki a ido wata mai zuwa in Allah ya yarda.

Maganar Surayya kuwa, zan yi magana da ubanta. Ke dai ki kwantar da hankalinki ki yi karatu.

Motar Kaneng tana jira. Ki gaishe da kowa.

Gwaggonki,
Atine

*

Sterling
2 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga Gwaggo Atine,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Ban san idonki ya yi haka ba. Da na sani. Mu muna nan lafiya, dusar ƙanƙara ta hana mu makaranta kwana uku. Malam Chuwang, mijin Anti Kaneng, shi zai kawo wannan, zai zo duba ginin gidansu.

Kafin in ci gaba: ke ko kai da ke riƙe da wannan takarda kana karanta wa Gwaggo, ban san ko wane ne ba, amma ina roƙonka don girman Allah ku shiga ɗaka tukuna, a rufe ƙofa. Na rubuta haka a bayan ambulan ma.

Gwaggo, da na buɗe takardarki sai na ga ba hannunki ba ne. Na manta. Shekara biyu kawai da barin gida, amma na manta cewa a gidanmu wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni da kaina na sha zama a tabarma ana karanta ta Abba da ƙarfi, ana tsayawa ana cewa maimaita wurin nan. A nan ko likita ba ya faɗa wa uwarka abin da ka gaya masa, sai na ɗauka ko'ina haka ne.

Kwana huɗu ina ɗauke da takardar a jakar makaranta. Cikin kwanakin Abba ya dawo daga aiki yana ba Umma labarin sabuwar dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a gida, shi ya karanta ta a labaran safe. Ya ce mutane sun yi ta bugo waya suna zafi. Mai zobe, kin san wadda nake nufi, tana wanke kwanuka ta ba mu baya. Na san abin da take tunani, don ta taɓa rubutawa: su can intanet suna raba sunaye gida ashirin, amma a unguwarmu ba wanda zai tsaya rabawa, duk kwando ɗaya za a zuba.

Ranar Asabar su Umma suka tafi kasuwa, na samu mai zobe tana guga, na miƙa mata takardarki. Na gaya mata duka, tun daga ranar kwamfuta. Ban iya ɗaga kai ba, ƙafafunta nake kallo.

Ba ta yi mini tsawa ba. Da ma ta yi. Ta karanta sau biyu, ta zare wayar dutsen gugar, ta zauna bakin gado. Ta tambaye ni ko ni ce mai sunan nan da ke ta kare ta da Turanci marar kan gado. Na ce ni ce. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta dariya ba ce. Sannan ta ce:

"Mutum dubu sun zage ni a can, Haula, ba wanda ya san ƙofar gidanmu. Ke kaɗai kika so ni, ke kika kai ni tsakar gida."

Ranar ta goge shafin gaba ɗaya, da gwabar da komai. Zoben ma ta cire. Akwai ɗan farin layi a yatsan inda yake zama. Yanzu tana yi mini magana a gaban su Umma, ta ce miƙo gishiri, ta ce kin yi sallah. In muka shiga ɗaki sai ta juya wajen taga.

Gwaggo, in ba ki riga kin yi magana da Baffa ba, don Allah kada ki yi. Ki ce ƙarya na yi. Ki ce yarinya ce, fim ta kalla. Saura mata shekara ɗaya ta gama. In aka ce ta dawo gida saboda ni, ban san inda zan sa kaina ba.

'Yarki,
Haula

*

Sterling
16 ga Maris, 2014

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Abba ya ce an yi aikin kuma an dace, mun gode Allah. Na ji muryarki a waya ranar Juma'a, Umma ta ce in matso in gaishe ki, na ce ina kwana kawai na gudu. Ki yafe ni. Ba rashin kunya ba ne, tsoro ne.

Wannan ta gidan waya zan aiko, ban san ko za ta iso ba. Ban ga amsar waccan ba. Na san ba ki da ido a lokacin, amma kullum na dawo sai na duba akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla.

Abubuwa sun ƙara lalacewa. Inna Ɗija ta bugo, aka ajiye waya a falo kamar kullum. Bayan gaisuwa ta ce wa Umma su sa ido a kan yarinyar nan, abin da suka ji a wasiƙa bai yi musu daɗi ba, 'yar Musulmi da wannan ƙazanta. Nan da nan Umma ta ɗauke wayar ta shiga ɗaki. Mai zobe tana zaune kusa da ni, ta ji komai.

Umma ba ta ce mata komai ba har yau. Ni ta kira gefe ta ce, abin da nake tsayawa yi a hanya bayan makaranta, in daina, ta ji labari. Watau har maganar laburaren an sani. Yanzu da na shigo sai ta ce in wanke hannu, in sauya kaya, wani lokaci har ta sunsuna rigar sanyina. Ban san me laburare ke sa wa a jiki ba.

Baffa kuma ya ce wa mai zobe in ta gama jarabawa akwai maganar da za su yi, Atine ta same shi a kanta. Ta ce to. Tun ranar ta fara raba littattafanta, wai ta rage kaya. Ta ba ni ƙamus ɗinta babba, ta ajiye a kan gadona.

Na koma laburare sau ɗaya, in goge nawa shafin. Suna nan suna faɗansu, yanzu a kan wata ce daban. Mutum biyu ne kawai suka tambayi ina mai gwaba ta shiga. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya kwana a mota. Ya rubuta cewa bai yarda da ita ba, amma yana fatan lafiya take.

Gwaggo, ki ce wani abu.

Haula

*

Jos
20 ga Afrilu, 2014

Uwata, mai sunan tsohuwarmu,

Wa alaikumus salam. Dubi hannun nan da kyau, nawa ne. Manyan baƙaƙe kamar na 'yan aji ɗaya, amma nawa ne. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan sai bayan damina. Ƙafa da sauƙi. Gwaba ta yi fure. Takardunki biyu suna hannuna, ta Chuwang na ajiye ta a ƙarƙashin katifa ban bari kowa ya buɗe ba sai da na iya karantawa da kaina, shi ya sa kika ji shiru. Da na san abin da ke ciki da ban jira ba. Na karanta na yi kuka da idon da likita ya ce kada in bari ya yi ruwa.

Yanzu ki saurara, ki ji abin da ya faru a tsakar gida.

Ranar da Kaneng ta kawo saƙo Alhamis ce, ranar da Constance take zuwa mini. Kin tuna Malama Constance, wadda muka koyar tare shekara ashirin da shida, mai tabarau da igiya. Tun da aka yi rikici ta koma wancan gefen gari, amma ba ta fasa Alhamis ba. Mata suka taru ganin tsaraba, Ɗija a gaba. Aka ce ga wasiƙar Haula, Malama karanta mana. Ta buɗe ta fara da ƙarfi: akwai abin da na yi wata uku ina ɓoyewa. Kowa ya gyara zama. Ta karanta gaisuwa. Sai na ji ta yi tari, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha a hankali kamar mai shan magani. Ashe idonta ya riga bakinta zuwa ƙasan takarda.

Da ta ajiye kofin sai ta ci gaba da karatu ba ko gargada. Wai ke, Haula, kin samu wani kare a hanyar makaranta, baƙi mai farin wuya. Wai kullum kina rage abincinki ki kai masa, kina shafa kansa, yana lasar hannunki, har kin raɗa masa suna Janar. Wai kina tambaya ko laifi ne. Shafi biyu cur ta yi a kan karen nan, Uwata, har da ranar da ya bi ki bakin masallaci. Ɗija ta dafe ƙirji. Ni kaina na yarda, ina cewa a raina yarinyar da ko ɗan akuya ya tunkaro ta sai ta hau turmi.

Sai da kowa ya watse ta ja ni ɗaka ta rufe ƙofa, ta karanta mini ta gaskiya da ƙaramar murya. Ta ce a cocinsu za ta nemi gafarar ƙaryar, amma ba ta yi nadama ba. Amsar da kika samu kuwa, ranar da Kaneng ta dawo karɓa, a gaban mutane na faɗa Constance tana rubutawa, ita Kaneng tana tsaye da jaka, ba halin in ce miki komai. Ƙazantar da Ɗija take faɗa, da hannun da uwarki ke sa ki wankewa, duk Janar ne.

Maganar da na yi da Abdulmumin kuma ga ta. Ban gaya masa ko kalma ɗaya daga takardarki ba. Na tuna masa wani abu ne da ya gani da idonsa yana yaro. Ku kun taso kun gan ni ba miji, kun ɗauka haka Allah ya halicci gwaggo. Na yi aure, Uwata. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni ma da yardata aka ɗaura. Wata goma sha ɗaya na yi na dawo. Ba abin da ya yi mini. Ni ce dai na ji kamar an ba ni takalmin wani. Aka yi ta magana, aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, masu neman aure suka yi ta sallama. Rannan Malam, kakanki, ya fito zai tafi masallaci ya tarar ana ta yi a zaure, ya ce: a bar Atine. Bai ƙara ba, ba wanda ya tambaye shi dalili. Da wannan kalma na yi kwalejin horon malamai, da ita na rayu har yau.

Shi ne na ce wa Abdulmumin, Malam ba ya nan, ni ce babba: a bar Surayya. A daina turo mata lambobi, ta yi karatunta iya inda take so, in ta kawo wani da kanta to, in ba ta kawo ba to. Ya ce wani abu ya faru ne? Na ce kai ka ji an tambayi Malam? Sai ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Maganar da zai yi mata bayan jarabawa ke nan.

Kin tambaye ni ko laifi ne. Ni ba malamar addini ba ce, ta lissafi ce. Amma ban taɓa jin an ce za a tambayi bawa don me bai ji yunwa ba. Ko abin da ke gare ni shi ne abin da ke gare ta, ban sani ba. A zamaninmu ba a ba shi suna ba, ana ce mini Atine mai taurin kai ne kawai. In ita ta samu sunan da ya sa ta daina zaton ciwo gare ta, ta riƙe abinta.

Su kuma masu faɗan gata, yaron da ya kwana a mota bai yi ƙarya ba. Ni 'yar gata ce, na samu uban da ya ce a bar ni. Wata a layinmu ba ta samu ba, na san inda ta ƙare. Amma gata inuwa ce, Uwata. In kin samu, ki matsa wani ya zauna. Ban ga amfanin a tsaya a rana ana auna ta wa ta fi faɗi ba.

Saura ke. Kin yi laifi biyu: kin karanta abin da ba naki ba, kin kuma ba da abin da ba naki ba, ko da ni kika ba. Soyayya ce ta sa ki, na sani, amma wanda aka taka bai damu da ko da sabon takalmi aka taka shi ba. Kada ki matsa mata ta yafe. Ga wata takarda a liƙe a cikin wannan, tata ce. Na san hannunki da ƙaiƙayi.

Constance tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Janar.

Gwaggonki,
Atine

*

Sterling
11 ga Mayu, 2014

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Barka da samun ido, Allah ya buɗe ɗayan ma. Na gane hannunki tun daga bayan ambulan. Muna lafiya. Sanyi ya wuce, itatuwa sun yi ganye, kwana ashirin da wani abu ya rage a rufe makaranta. Ki gaishe mini da Malama Constance, ki ce na gode, ban san yadda ake gode wa irin wannan ba.

Takardar Yaya ban buɗe ba. Ban ko ɗaga ta a hasken taga ba, ko da yake na yi tunanin haka. Na ajiye a kan filonta tare da tawa, don ina ganin ya kamata ta ga duka. Na fita na zauna a matakala ina ƙirga jiragen da ke sauka. Na kai goma sha huɗu sai na ji wani sauti daga ɗaki, na ɗauka kuka ne. Da na leƙa, dariya take yi har da riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa Janar, Janar. Daga baya dariyar ta koma kukan gaske. Na tsaya bakin ƙofa ban san ko in shiga ba. Ta ce in shigo in rufe ƙofa, sauro nake jira ko me.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da kika rubuta mata ba ta gaya mini ba. Amma ta karɓe ƙamus ɗinta, ta ce aro ne da ma. Baffa ya bugo ranar Lahadi, a tsakiyar falo, ya ce ta nemi digiri na biyu in tana so. Inna Ɗija ba ta ba da lamba ba. Shekaranjiya muna tsinke alayyafo na ga zoben ya koma yatsanta.

Ta buɗe sabon shafi. Na shigo da kwandon wanki idona ya faɗa kan kwamfutar kafin ta rufe, na ga sunan. Na haddace shi ba da niyya ba, har yanzu yana kaina. Na je laburare sau uku tun ranar, na yi aikin gida na tashi. Ban rubuta shi ba, kuma ba zan rubuta ba. In suna zaginta a can, ta san inda gadona yake. Wannan takardar ma na ba ta ta karanta kafin in liƙe, ta ce in gyara wuri ɗaya, na gyara.

Saura maganar kare. Jiya da rana muna cin abinci, abin ya ci Umma ta kasa riƙewa. Ta ajiye cokali ta ce, yanzu ke Haula, duk abin da za ki ɗauko a ƙasar nan sai kare? Ta ce har Jos an sani, 'ya'yan Baffa ba sa ce mini Haula yanzu sai uwar Janar. Abba ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, yaushe na yi wannan jarumtar. Duk suka zuba mini ido. Yaya tana gefena, ta daina tauna.

Kin san ni da kare, Gwaggo. Na maƙwabtanmu in ya yi haushi ta bayan shinge sai na tsallaka titi. Kalma ɗaya zan faɗa sunan uwar Janar ya rabu da ni. Amma in na ce babu kare, za a tambaya to me ke cikin wasiƙar.

Na sunkuyar da kai na ce, Umma, ki yi haƙuri, ba zan ƙara ba.

Don haka in kin ji ana cewa uwar Janar, ki bar su. Na yanke shawara zan riƙa amsawa.

Ni ce 'yarki,
Haula